Waiwaye: daga ina aka samo lambobin da ke jikin kwalbar bitamin?

Duk wanda ya taɓa sayen maganin ƙarin jini a kemis, ko a Terminus ne ko Dilimi a nan Jos, zai ga wasu lambobi a bayan kwalbar, an rubuta RDA, wato adadin sinadarin da ake so mutum ya samu a rana, sai kuma kashi kaza cikin ɗari. Yawancinmu mun ɗauka kamar awon magani ne da likita ya yanka ma kowa, alhali abin ba haka ya faro ba.

Asalin maganar yaƙi ne ya kawo ta. Lokacin yaƙin duniya na biyu, gwamnatin Amurka tana son sanin abincin da zai ishi sojoji da sauran jama'a su zauna da ƙarfinsu, sai aka kafa kwamitin masana, cikinsu har da mata irin su Lydia Roberts da Hazel Stiebeling, suka fitar da RDA na farko a 1941. Kaga tun farko lissafin ciyar da taro ne, ba na Malam wane shi kaɗai ba. Aka yi ta gyara shi har bugu na goma a 1989.

Toh daga 1997 sai Amurka da Kanada suka ga lamba ɗaya ba ta isa ba, musamman da mutane suka fara shan ƙwayoyin bitamin barkatai, shi ne aka raba abin gida-gida. Akwai EAR, wato adadin da zai ishi rabin masu lafiya na rukuni ɗaya, misali mata masu shekaru kaza. Daga shi ake ɗaga lissafi sama a samu RDA, wanda zai ishi kashi 97 zuwa 98 cikin ɗari, ma'ana da gangan aka sa shi ya fi abin da yawancin mutane ke buƙata, don haka in yau ba ka kai shi ba ba wai ka shiga uku ba ne, ana duba abin da kake ci ne a tsawon kwanaki. In bincike bai isa a fitar da waɗannan ba sai a ba da AI, ƙiyasi daga abin da masu lafiya ke ci. Na ƙarshe kuma, wanda ni a ganina shi ya kamata a fi yayatawa, shi ne UL, iyakar da in ka wuce ta abin zai iya komawa cuta. Bitamin A misali, namiji na buƙatar maikirogiram 900 a rana, iyakarsa 3,000, kuma yana taruwa a hanta ba ya fita da fitsari.

Mu a nan ta hanyar gishiri da mai abin ya fi shigo mana. Filato na cikin yankunan da aka sani da maƙoƙo a da, saboda ƙarancin aidin, sai da aka tilasta saka aidin a gishiri a farkon shekarun 1990 sannan abin ya ja baya. Daga baya aka wajabta saka bitamin A a fulawa da sukari da man girki, wannan tambarin ido da ke jikin buhu ko galan ai shi yake nufi, NAFDAC ke sa ido a kai.

Amma inda gizo ke saƙar shi ne sinadarin ƙarfe. Lissafin Amurka ya ce a rana namiji miligiram 8, mace mai al'ada 18, mai ciki 27, sai dai an gina shi ne a kan mutanen da ke cin nama akai-akai. Ƙarfen da ke cikin dawa da gero da acca da wake jiki ba ya zuƙarsa sosai kamar na nama, shi ya sa lissafin WHO da FAO, hukumomin lafiya da abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya bambanta gwargwadon cimar mutane, inda abinci kusan duk hatsi ne adadin mace kan ninka har sau uku. Ga kuma shayi da muke korawa da shi a sanyin Jos, shi ma yana rage zuƙar ƙarfen in an sha shi tare da abinci. Tumatir da tattasai da lemo su kuma taimakawa suke, ga su nan jibge a kasuwar Farin Gada, gara mai ciki ta haɗa wakenta da su ta jinkirta shayin kamar awa ɗaya, maganin ƙarin jinin kuma ta sha yadda aka rubuta mata a wurin awo.