Me dokar Ingila ta tanada wa wanda ya zagi baƙar fatan ɗan ƙwallo?

Ranar 15 ga Agusta 2025, wasan buɗe kakar Firimiya tsakanin Liverpool da Bournemouth a Anfield, alƙalin wasa Anthony Taylor ya tsayar da wasa tun kafin hutun rabin lokaci saboda Antoine Semenyo ɗan ƙasar Ghana da ke buga wa Bournemouth a lokacin ya je ya faɗa masa wani ɗan kallo ya zage shi kan launin fatarsa lokacin da zai yi jifa. Aka fitar da mutumin, daga baya 'yan sanda suka kama shi, shi kuma Semenyo ya zura biyu bayan an dawo duk da dai Liverpool ce ta ci 4-2. To tambayar da ake ta yi a gidajen kallo ita ce, wai me ake yi wa irin waɗannan mutane, ko fitar da su kawai ake su dawo mako mai zuwa?

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne hukunci iri biyu ne ke tafiya tare, akwai dokar ƙasa wadda 'yan sanda da kotu ke aiki da ita, akwai kuma dokar hukumar ƙwallon Ingila wato FA wadda ke hawa kan 'yan wasa da masu horarwa da kulob-kulob, kuma ɗaya ba ta jiran ɗaya.

Ta ɓangaren ƙasa, a 1991 majalisar Birtaniya ta yi doka ta musamman kan laifukan filin ƙwallo a Ingila da Wales. Abu uku ta hana, jifa da wani abu cikin fili ko kan mutane, shiga fili ba izini, sai rera kalaman batsa ko na wariyar launin fata. Dokar ta ce ko kalmomi ko sauti, ka ga ke nan wanda ya tsaya yana kukan biri ba zai ce ai ni ban furta komai ba. Sannan ba launin fata kaɗai ba, har ƙabila da asali da ƙasar mutum, kuma tana aiki tun awa biyu kafin a take wasa har awa ɗaya bayan an tashi. Sai dai da farko an bar ƙofa a buɗe, don sai mutum ya yi tare da wani ko wasu kafin a ce laifi ne, mutum ɗaya zai iya tsayawa shi kaɗai ya yi ta surfa wa ɗan wasa zagi wannan sashen bai kama shi ba, sai a 1999 aka gyara aka ce ko kai kaɗai ne ka yi laifi.

Tarar ita ce abin dariya, fam 1,000 ce ƙarshenta, wanda kuɗin tikitin shekara ne a wasu kulob ɗin Landan. Abin da ke cizo shi ne umarnin kotu na haramta shiga filin wasa, shekara 3 zuwa 5, in kuma an ɗaure mutum 6 zuwa 10, ba filin kulob ɗinsa kaɗai ba duk wani wasa da dokar ta shafa, kuma in Ingila za ta buga gasa a waje ana iya sa shi ya kai fasfo ɗinsa ofishin 'yan sanda ya ajiye har a gama. Mutumin da tun yana yaro ubansa ke riƙe masa hannu zuwa fili duk Asabar, wannan ya fi masa tara zafi nesa ba kusa ba. In zagin ya haɗa da barazana akwai wasu dokokin na 1986 da 1998 da suka fi tsanani har da gidan yari.

Kuma fa dokar nan ta makara sosai, don baƙaƙen fata sun fi shekara ɗari suna buga ƙwallo a Ingila kafin a yi ta. Arthur Wharton haifaffen Accra ya zama ɗan wasan da ake biya albashi tun 1889. Walter Tull na Tottenham ya sha zagi a Bristol a 1909. Jack Leslie na Plymouth Argyle an sa sunansa cikin tawagar Ingila a 1925 sai sunan ya ɓace daga baya, shi kansa ya yi imanin don an gano baƙi ne, kuma sai a 1978 Viv Anderson ya zama baƙar fata na farko da ya buga wa babbar tawagar. Shekarun 1970 da 1980 kuwa abin ya ƙazanta, Cyrille Regis na West Brom da aka kira shi tawagar ƙasa harsashi aka aiko masa cikin wasiƙa, Paul Canoville da ya fara buga wa Chelsea a 1982 magoya bayan kulob ɗinsa ne da kansu suka riƙa zaginsa tun yana motsa jiki a gefen fili, sai hoton John Barnes na 1988 a filin Everton yana ture ayabar da aka jefo masa da dunduniya. Duk wannan an yi shi babu doka ta musamman, sai dai a ce wa ɗan wasa ka yi haƙuri ka rama da ƙafarka.

Ta ɓangaren FA kuma akwai dokar da suke kira E3, ita ce ta hana zagi da cin mutunci, in kuma zagin ya taɓo launi ko ƙabila ko addini ko ƙasa sai laifin ya ƙara nauyi. Yanzu ma'aunin dakatarwa wasa 6 ne zuwa 12. Shari'u biyu na Oktoban 2011 ne suka jawo aka tsaurara, Luis Suarez na Liverpool ya samu dakatarwar wasa 8 da tarar fam 40,000 kan Patrice Evra, sai ta John Terry na Chelsea da aka zarga da zagin Anton Ferdinand, wadda har yau mutane ke rikicewa a kanta. Kotun majistare ta Westminster ta wanke Terry a Yulin 2012, amma a Satumba FA ta dakatar da shi wasa 4 ta ci shi tarar fam 220,000, 'yan Chelsea suka ce zalunci ne, yaya kotu za ta sallami mutum wata hukuma ta hukunta shi? Dalilin shi ne ma'aunin hujja ba ɗaya ba ne, kotu sai ta tabbatar babu sauran kokwanto, FA kuwa abin da ya fi rinjaye kawai take dubawa. Ni dai a ganina wasa 4 ma an yi masa sassauci.

FA ba ta cika damuwa da niyyarka ba, ko da ka ce raha kake. Rodrigo Bentancur na Tottenham wasa 7 aka dakatar da shi a Nuwamban 2024 da tarar fam 100,000 kan maganar da ya yi a talabijin ɗin Uruguay game da Son Heung-min ɗan Koriya ta Kudu, abokin wasansa a lokacin, duk da Son ya ce ya yafe masa. Kulob ma ana kama shi da laifin magoya bayansa, Millwall an ci su fam 10,000 a 2019, kuɗin da ko a jikinsu.

Inda dokar ke ɗingishi shi ne intanet. Bayan wasan ƙarshe na Euro a Wembley ranar 11 ga Yuli 2021, da 'yan wasan Ingila baƙaƙen fata Rashford da Sancho da Bukayo Saka suka ɓarar da fanareti, shafukansu sun cika da hotunan biri da ayaba, Saka lokacin shekararsa 19. Wannan ya sa a 2022 aka faɗaɗa haramcin shiga fili ya haɗa da masu zagi ta intanet, kuma an ɗaure wasu a Ingila. Amma 'yan sandan da suka bincika sun ce cikin saƙonni 207 da suka ga sun kai laifi, asusu 34 ne kawai na cikin Birtaniya, 123 daga wasu ƙasashe ne, kuma kotun Ingila ba ta da hannun da za ta kamo wanda ke zaune a wata nahiya da waya a hannu, iyakarta a tura bayanansa ga hukumomin ƙasarsa, in sun ga dama su bi in ba su ga dama ba shi ke nan, sai ko kamfanin Instagram ko X ya rufe masa shafi ya buɗe wani da sabon suna.