Yaya malami zai riƙe hankalin aji da na taro?

Waɗannan tambayoyi ne da sababbin malamai a Kano ke yawan yi, musamman waɗanda suka fito daga Kwalejin Sa'adatu Rimi ko Jami'ar Bayero suka tsinci kansu a gaban aji karon farko.

Iya magana baiwa ce, ko koyonta ake yi?

Akwai baiwa, babu musu. Amma duba mutanen da Kano ke alfahari da bakinsu. Marigayi Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, wanda ya rasu a 2017, da alli ya fara kafin siyasa ta kai shi har Majalisar Ɗinkin Duniya. Malam Aminu Kano ma ya koyar a Bauchi da Maru kafin ya tsunduma cikin gwagwarmayar jam'iyyar NEPU. Wanda ya shafe shekaru yana fahimtar da yara, yana duban fuskokinsu yana sake bayani, ya riga ya yi rabin horon tsayawa a gaban jama'a.

Ina tambayar ɗalibai "kun gane?" su ce "eh", amma jarrabawa ta nuna akasin haka. Me ke faruwa?

Malam, a nan ne matsalar take. Yaron da aka tarbiyyantar a kan kada ya musa wa na gaba, da wuya ya ɗaga hannu ya ce bai gane ba. "Eh" ɗin nan ladabi ne kawai, kuma da aji ya amsa baki ɗaya, muryar yara biyar na gaba ta rufe shirun sauran. A ganina, malami ya rage wannan tambaya iyakar iyawarsa. Ya ce wa yaro ya maimaita bayanin da kalmominsa, ko ya kawo nasa misalin, ko ya juya ya fahimtar da na kusa da shi na minti ɗaya.

Sai kuma haƙurin jira. Wata masaniyar ilimi 'yar Amurka, Mary Budd Rowe, ta bayyana a 1972 cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kafin su amsa da kansu ko su wuce. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa 3 ko fiye, sai amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba sa magana suka fara buɗe baki. Daƙiƙa 3 a gaban aji tana da nauyi, harshe zai yi ta ƙaiƙayi, amma a daure. Kuma a jefa tambayar tukuna kafin a kira suna, domin da zarar an ambaci mutum ɗaya, sauran sun sauke kayan tunani.

Idan yaro ya amsa ba daidai ba, kada a bari a yi masa dariya, balle malamin ya fara. Yarinyar da aka kunyata sau ɗaya a gaban ƙawayenta tana iya kama bakinta har ƙarshen zango, kuma wannan asara ce babba.

Aji ya cika maƙil, ga zafin watan Afrilu, yara na gyangyaɗi. Yaya zan yi?

Kada ka cinye minti 40 kana magana kai kaɗai. Yi bayani kaɗan, ba da aiki, ka ratsa tsakanin bencina har bayan aji, sannan ka dawo. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ya zo a Bukhari cewa Abdullahi ɗan Mas'ud ranar Alhamis kawai yake yi wa mutane wa'azi, da aka nemi ya riƙa yi kullum sai ya ce yana gudun ya gundure su, kamar yadda Annabi (SAW) yake zaɓar wa sahabbai lokacin wa'azi.

Misalanka kuma su fito daga garin da yaran suke. In lissafin riba ne, ga ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya saro atamfa. In kaso ne, ga buhun gero daga Dawanau ana auna shi da kwano, ko kuɗin adaidaita sahu da mutum uku za su raba. Yaron da ke taya mahaifinsa zaman shago ya san wannan lissafin tun kafin ya gan shi a allo.

Muryata na dushewa, musamman da hunturu.

Ƙurar hunturu da ta alli suna busar da maƙogwaro. Ajiye ruwa kusa, ka daina yi wa allo magana: rubuta, juyo, sannan ka yi bayani. Ihu ba ya kashe surutu. Tsayawa shiru kana duban masu yin sa ya fi saurin aiki.

A aji ba ni da matsala, amma in an miƙo mini lasifika a walima ko taron iyaye da malamai sai gabana ya faɗi.

Faɗuwar gaba ba ta barin mutum gaba ɗaya, raguwa take yi da sabo. Haddace jimlarka ta farko da ta ƙarshe, tsakiyar kuma ka riƙe ta a 'yar takarda. Ka san magana ɗaya da kake so mutane su koma gida da ita, ka faɗe ta a fili, ka maimaita. Anas ɗan Malik ya ruwaito cewa Annabi (SAW) kan maimaita magana sau uku don a fahimce shi.

Ba manya haƙƙinsu na gaisuwa, amma a taƙaice, don sau da yawa jerin sarautu da muƙamai ke cinye lokacin kafin a zo ga batun. In ka ce ba za ka ɗauki lokaci ba, to ka cika alkawari. Kafin ranar, ɗauki muryarka a waya ka saurara. A nan za ka ji yawan "wato" da "ka gane ko" da kake yi, da wuraren da kake sauri har kalmomi na hawa kan juna, sai ka gyara su tun a gida.