Tambayoyi da amsoshi kan ruwa da aikinsa a jikin mai rai

Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jikin baligi ruwa ne, a jarirai ma ya fi haka. Galibin abin da ya ba ruwa wannan matsayi ya samo asali ne daga yadda ƙwayarsa take a gine.

Mene ne ruwa a wajen masana sinadarai?

Zarra (wato ɗan ƙanƙanin ɓurɓushin da ake gina kowane abu da shi) ɗaya ta oksijin ce haɗe da biyu na haidurojin, shi ne ake rubuta H₂O. An daɗe ana ɗaukar ruwa abu guda ne wanda ba ya rabuwa, sai a 1783 Antoine Lavoisier na Faransa ya nuna cewa haɗin iska biyu ne, bayan gwaje-gwajen Henry Cavendish a Ingila. Zarran nan uku ba a miƙe suke ba, a lanƙwashe suke da kusurwa mai digiri 104.5. Oksijin kuma ya fi ƙarfin ja, yana janye elektiron, wato ƙananan sassan zarra masu cajin ragi, zuwa wajensa. Saboda haka ɓangarensa yana da ɗan caji na ragi (−), ɓangaren haidurojin kuma na ƙari (+).

To, wannan ɗan bambancin caji me yake haifarwa?

Kowace ƙwayar ruwa sai ta zama kamar ɗan maganaɗisu: haidurojin ɗin wannan yana kama oksijin ɗin maƙwabciyarta. Wannan riƙon shi ake kira ɗaurin haidurojin, kuma ƙwaya ɗaya tana iya riƙe maƙwabta har huɗu. Riƙo ne mai rauni, yana tsinkewa yana sake ƙulluwa sau biliyoyi cikin daƙiƙa guda, amma yawansa ke ba shi ƙarfi. A duba iskar H₂S mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gininta irin na ruwa ne, ta ma fi shi nauyi, amma tun a wajen digiri 60 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selsiyos ta riga ta zama iska. Shi kuwa ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa. Ba don wannan riƙon ba, da babu kogi, babu rijiya, babu jini.

Me ya sa gishiri ke narkewa a ruwa, man gyaɗa kuwa ya ƙi?

Gishiri haɗin sodiyam ne mai cajin ƙari da kuloraid mai cajin ragi. Da an zuba shi, ƙwayoyin ruwa suna yi wa kowanne ƙawanya, su raba su, su tafi da su. Sukari ma yana narkewa saboda yana da wuraren da ruwa zai kama. Mai ba shi da irin wannan caji, don haka ruwa ya fi son riƙon ɗan'uwansa, sai ya ture man gefe guda ya dunƙule.

A ganina wannan ƙin da ruwa ke yi wa mai bai gaza narkarwar da yake yi muhimmanci ba, ko da yake an fi maganar narkarwar a makaranta. Tantanin da ya kewaye kowace ƙwayar halitta an gina shi ne da wani irin maiƙo mai kai da wutsiya: kan yana son ruwa, wutsiyar tana gudunsa. Idan suka sami kansu cikin ruwa, da kansu suke jeruwa sahu biyu, wutsiyoyi a ciki, kawuna a waje, sai ga katanga ta tashi. Haka furotin yake naɗe kansa, sassan da ke gudun ruwa su ɓuya a tsakiya. Idan naɗin ya lalace, furotin ɗin ya daina aiki.

Yaya gumi ke sanyaya jiki?

Ana buƙatar jul 4.18 (jul ma'aunin kuzari ne) kafin a ɗaga zafin giram ɗaya na ruwa da digiri ɗaya, kusan ninki goma na abin da ƙarfe ke buƙata. Shi ya sa zafin jikinmu ba ya tsalle-tsalle daga digiri 37. Kafin kuma giram ɗaya na gumi ya zama tururi, sai ya kwashi kimanin jul 2,400 daga fata. Abin da randa ke yi ke nan: ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, ya bushe, ya tafi da zafi. A taɓa bayan randa mai kyau da rana tsaka, za a ji ta da danshi da sanyi. Ta fi aiki idan iska a bushe take, kamar lokacin hunturu. Wannan hikima ce Mohammed Bah Abba ya yi amfani da ita a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Me ya sa ƙanƙara ke yawo a saman ruwa?

Idan ruwa ya daskare, ƙwayoyinsa suna tsayawa a tsari mai sarari a tsakani, girmansa ya ƙaru da wajen kashi 9 cikin 100. Don haka tafkunan ƙasashen sanyi daga sama suke daskarewa, kifi ya rayu a ƙasa.

Ruwa mazauni ne kawai ga sinadaran jiki, ko yana shiga aikin da kansa?

Yana shiga. Sitacin da ke cikin tuwo doguwar sarƙa ce ta sukari, kuma duk mahaɗar da za a tsinke sai an cusa mata ƙwayar ruwa guda. Aikin yana farawa tun daga baki, shi ya sa burodi ke ɗan yin zaƙi idan aka daɗe ana taunarsa. Haka ake narkar da nama da mai, haka kuma jiki ke fasa sinadarin ATP, wanda ke ɗauke da kuzari a cikin ƙwayar halitta, ya sami kuzarin.

A tsirrai abin ya fi ban mamaki. Ganye yana amfani da hasken rana ya fasa ruwa, kuma iskar oksijin da muke shaƙa daga wannan ruwan take fitowa. Samuel Ruben da Martin Kamen da abokan aikinsu ne suka nuna haka a Amurka a 1941.

Tunda tantanin ƙwayar halitta maiƙo ne, ta ina ruwa ke ratsa shi?

Kaɗan yana silalewa kai tsaye, amma inda ake buƙatar sauri akwai ƙofofi na furotin da ake kira akwaforin. Peter Agre ya tabbatar da aikinsu a 1992, ya sami kyautar Nobel a 2003. A ƙoda ake ganin amfaninsu: tana tace kimanin lita 180 na ruwa daga jini a rana, amma fitsari bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba, saura duk ana mayar da shi cikin jini.

Ruwa yana bin ɓangaren da gishiri da sukari suka fi yawa. A kan wannan aka gina ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa: hanji yana shigar da sodiyam da gulukos (wani nau'in sukari) tare, ruwa ya bi su zuwa jini. Awon shi ne ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Kada a ƙara sukari don yaro ya ji daɗin sha, domin idan ya yi yawa ruwan jiki ne zai dawo cikin hanji, gudawar ta ƙaru.