Dokar hana dukan ɗalibai ba ta ɗaure wa malami hannu ba

Magana ɗaya nake ta ji a bakin malamai: wai yanzu ko tsawa ka yi wa yaro sai ka kwana a hannun 'yan sanda. Wasu har sun daina tanka wa aji idan ya kaure da surutu, suna ganin gara su tsira da mutuncinsu. Wannan tsoron ya zarce abin da ke rubuce nesa ba kusa ba.

Tushen maganar shi ne Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita ranar 20 ga Nuwamba, 1989. Ƙasashe 196 sun shiga cikinta, kuma ta shafi duk wanda bai kai shekara 18 ba. Sashe na 28, sakin layi na 2, ya wajabta wa gwamnatoci su tabbatar ana ladabtar da ɗalibi ta hanyar da ba za ta zubar masa da mutunci ba. A lura, sashen da kansa ya yarda akwai ladabtarwa a makaranta. Yadda ake yin ta ne ya sa wa iyaka.

A 2006 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya fitar da sharhinsa na 8, inda ya fayyace iyakar. Duk horon da aka yi da ƙarfin jiki da nufin yaro ya ji zafi, komai ƙanƙantarsa, ya shiga haramcin: bulala, mari, jan kunne, da gwale-gwalen da ake sa yaro ya daɗe a wani yanayi mai wahala. Haka nan muzanta shi, tsorata shi, ko mai da shi abin dariya a gaban 'yan ajinsu. Ni kam wannan na biyun ya fi damuna, domin tabon bulala kan warke, amma yaron da aka kira daƙiƙi a gaban sa'o'insa yakan girma da kalmar.

Inda aka fi ruɗewa shi ne batun taɓa ɗalibi. Shin idan yara biyu suka kaure da faɗa, ko wani ya ɗauki kujera zai jefi ɗan'uwansa, malami zai naɗe hannu ya zuba ido? A'a. Sharhin ya yarda malami zai iya riƙe yaro don kare shi ko kare wasu, muddin ƙarfin bai wuce abin da ake buƙata ba, kuma ya sake shi da zarar hatsarin ya wuce. Niyya ce ke raba kariya da horo. Riƙe hannun mai dukan wani kariya ce. Murɗe hannun bayan faɗan ya lafa, horo ne da aka hana.

Sai batun hukunci. Yarjejeniyar ba ta yanka wa malami tara ko ɗauri ba. Gwamnatoci ta ɗora wa nauyi, su ne ke kai wa kwamitin rahoto duk shekara 5. Hukuncin malami yana fitowa ne daga dokar ƙasarsa da ƙa'idar aikinsa, shi ya sa ya bambanta. A Ingila an daina duka a makarantun gwamnati tun 1987, na kuɗi kuma a 1999, alhali a wasu jihohin Amurka har yanzu doka ta halatta shi. Wanda ya ji wa yaro rauni kuwa, dama dokar cin zarafi tana jiran sa tun kafin a rubuta wannan yarjejeniya.

Abin da ya rage a hannun malami yana da yawa. Zai iya sauya wa mai surutu wurin zama, ya hana shi wani gata, ya keɓe shi su yi magana, ya kira iyayensa. Ƙa'idar aji da aka tsara tare da ɗalibai a farkon zango ta fi tsayuwa, kuma sashe na 12 dama ya ce a riƙa jin ra'ayin yaro.

Sai dai akwai inda nake ganin ba a yi wa malami adalci ba. An karɓe bulala daga hannunsa, an bar shi da ajin da ya cika maƙil, ba horaswa, ba mai ba ɗalibai shawara. Sashe na 28 gwamnati ya umarta ta ɗauki duk matakan da suka dace, kuma rage cunkoson aji da koya wa malami dabarun riƙe aji suna cikin matakan da ya kamata ƙungiyoyin malamai su riƙa tambayar ta a kai.