Ƙofar da ciwon hanta ke shiga, da allurar da ke tare ta

Iyaye mata da ungozomomi, ku ne wannan magana ta fi shafa. Ana yawan tambayarmu a asibiti: tunda ƙwayar cutar hanta nau'in B cikin jini take yawo, me ya sa hanta take kamawa?

Wannan ƙwayar cuta irin wadda ake kira bairos ce. Bairos ba ya hayayyafa shi kaɗai, sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar mutum, kuma ba ko'ina yake samun shiga ba. A fatar ƙwayoyin hanta akwai wani furotin mai suna NTCP, wanda aikinsa na asali shi ne janyo gishirin ruwan matsarmama daga jini zuwa cikin hanta. Bairos ɗin na da wani ɓangare a bayansa da ya dace da wannan furotin kamar mabuɗi da kwado. Da ya manne masa, sai ƙwayar hantar ta haɗiye shi da kanta. Sai a 2012 masu bincike a birnin Beijin na ƙasar Sin suka gano wannan ƙofa.

In ya riga ya shige, yakan ajiye kwafin ƙwayoyin gadonsa can tsakiyar ƙwayar hanta. Shi ya sa magani irin su tenofovir ke danne shi, amma da wuya ya kawar da shi gaba ɗaya.

Allurar rigakafi tun a bakin ƙofa take aiki. Tana koya wa garkuwar jiki haɗa sinadaran da za su lulluɓe bayan bairos, ya kasa mannewa balle ya shiga. Amma fa sai an riga shi isa. Cikin jarirai 10 da suka kamu wajen haihuwa, kusan 9 za su zauna da cutar tsawon rai, alhali cikin manya 100 da suka kamu ba su kai 5 ba. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi allurar farko cikin awa 24 da haihuwa. Jira sai bayan suna sakaci ne, ko da a gida aka haihu. Sauran alluran suna cikin allurar Penta, wadda ta haɗa rigakafin cututtuka biyar, a mako 6 da 10 da 14.

Cin abinci kwano ɗaya ko musabaha ba sa yaɗa cutar, don Allah a daina ƙyamar masu ita. Hatsarin yana wajen askar wanzami da ba a tafasa ba, da allura ɗaya ga mutum biyu, da saduwa. Mai juna biyu kuma ta nemi gwajin jini tun a awon ciki.