Waiwaye: Tarihin Taƙaddama Kan Tilasta Bin Yarjejeniyar Sunayen Intanet

Hukumar ICANN, wadda aka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1998 domin kula da tsarin sunayen shafukan intanet, ba gwamnati ba ce, kuma ba ta da kotu ko 'yan sanda. Sandar da take riƙe da ita kaɗai ita ce yarjejeniyar da ta ƙulla da kamfanonin da ke riƙe da rumbun sunaye irin su .com, da kuma dillalan da ke sayar wa jama'a sunayen. Abin da ba a rubuta a yarjejeniyar ba, ba ta da hurumin hukunta kowa a kansa, kuma daga nan ne taƙaddamar ta samo tushe.

Raunin tsarin ya fito fili a 2007, lokacin da kamfanin dillanci na RegisterFly ya durƙushe sakamakon rigimar masu shi, mutane da dama suka kasa sabunta sunayensu ko mayar da su wani wuri. A wancan lokacin yarjejeniyar 2001 tsakanin ICANN da dillalai ba ta tanadi wani hukunci na tsaka-tsaki ba: ko dai a kyale mai laifi, ko a soke lasisinsa ɗungurungum, matakin da kan jefa abokan cinikinsa cikin wahala. An soke lasisin RegisterFly, wani kamfanin dillanci mai suna GoDaddy ya karɓi sunayen, sannan aka fara tilasta wa dillalai ajiye kwafin bayanan masu sunaye a hannun wani amintacce. Yarjejeniyar 2009 ta ƙara da ikon dakatarwa da na binciken takardu.

Ta 2013 ta zo ne bayan matsin lambar jami'an tsaro, ciki har da hukumar bincike ta Amurka, FBI. Ta wajabta wa dillali tantance adireshin imel ko lambar wayar mai suna, da kuma bincikar ƙorafin da aka kawo masa, ya ɗauki matakin da ya dace. To, mene ne matakin da ya dace? Shekara goma aka kwashe ana jayayya kan wannan, masu ƙorafi na cewa sashen sa ido na ICANN yana rufe ƙara da zarar dillali ya amsa wasiƙa, dillalai kuwa na cewa su ba alƙalan abin da ake wallafawa ba ne. A ganina kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, domin lafazin ne aka bari a dunƙule.

A tsakiyar wannan jayayya dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a ranar 25 ga Mayun 2018, ta tilasta ɓoye yawancin bayanan masu sunaye da a da kowa ke iya gani a WHOIS, wato kundin da ke nuna wanda ya mallaki kowane suna. ICANN ta kai kamfanin dillanci na EPAG ƙara a birnin Bon na Jamus kan ya daina tattara wasu bayanan masu sunaye, amma kotu ta ƙi biya mata buƙatarta.

Gyaran yarjejeniyar da ya fara aiki a ranar 5 ga Afrilun 2024 ya fayyace nau'o'in ɓarna biyar, ciki har da shafukan yaudara na satar bayanai da manhajojin cutarwa, ya kuma wajabta ɗaukar mataki cikin gaggawa idan akwai hujja. Sai dai gyaran bai samu shiga ba sai da kamfanonin da zai ɗaure suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da shi, kuma batun satar fasaha da sayar da jabun magunguna an bar shi a waje.