Waiwaye: Yadda rikicin kuɗi ya wargaza N.W.A cikin shekara huɗu

A 1987 ne wasu samari baƙar fata daga Compton da unguwannin kudancin Los Angeles a Amurka suka kafa ƙungiyar hip hop mai suna N.W.A. Eazy-E ne ya zuba jari ta kamfaninsa Ruthless Records, Dr. Dre da DJ Yella suna haɗa kiɗa, Ice Cube da MC Ren suna tsara baitoci.

Lokacin hodar ibilis ta yi kaka-gida a unguwannin nan, 'yan daba na harbin juna. 'Yan sanda kuwa sai su tare matashi a bakin titi, su kwantar da shi ruf-da-ciki a kan kwalta, su lalube shi, ba don komai ba sai launin fatarsa. Wannan rayuwar suka rera a kundinsu Straight Outta Compton, babu rufa-rufa. Yawancin gidajen rediyo suka ƙi saka shi saboda ashar, amma kaset ɗin ya yi ta sayuwa har miliyoyi. A 1989 wani babban jami'in hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ya rubuta wa kamfanin da ke rarraba waƙoƙinsu wasiƙa yana nuna ɓacin rai kan waƙar da suka caccaki 'yan sanda. Wasiƙar ƙara musu farin jini ta yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, hukuma ba ta iya rufe musu baki ba, kwangila ce ta raba su. A ƙarshen 1989 Ice Cube, wanda ya rubuta kaso mai tsoka na baitocin, ya fice yana zargin manajansu Jerry Heller da danne masa haƙƙi. Daga nan aka koma zagin juna a waƙa. Kundinsu na 1991 ya hau mataki na ɗaya a jadawalin Billboard na kundayen da suka fi sayuwa a Amurka, amma a shekarar Dr. Dre ma ya tattara nasa ya nasa, shi ma kan batun kuɗi.

Ba zan wanke su ba. Yadda suka wulaƙanta mata a waƙoƙinsu abin kunya ne, kuma Dr. Dre ya lakaɗa wa mai gabatar da shirin talabijin Dee Barnes duka a 1991. Amma kukan da suka yi kan 'yan sanda gaskiya ne, bidiyon dukan da 'yan sandan Los Angeles suka yi wa wani baƙar fata mai suna Rodney King a watan Maris na 1991 ya nuna wa duniya hakan.

Ana cikin maganar sulhu Eazy-E ya rasu a watan Maris na 1995 sakamakon cutar ƙanjamau, yana ɗan shekara 30.